Turare Da Idon Zomo

Ran Lahadi da safe, kafin mu tafi sujada, yawancinmu mukan shafa ɗan turare. Amma ko mun taɓa tambaya yadda aka san ba zai cuci fatarmu ba?

A kwalba ɗaya akan haɗa sinadarai masu yawa, waɗansunsu kuwa sukan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Saboda haka dole a gwada su tukuna. A shekara ta 1944 wani masani a Amurka, John Draize, ya fito da wata hanya. Akan ɗiga sinadarin a idon zomo, ko a aske gashinsa a shafa masa a fata, sa'an nan a jira kwanaki a ga ɓarnar da zai yi. Zomaye da yawa sun sha azaba ta haka.

A 1959 waɗansu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka ba da shawara uku: a nemi abin da zai maye gurbin dabba, a rage yawan dabbobin gwaji, a kuma sauƙaƙa musu wahala.

Yau shawararsu ta yi 'ya'ya. Masana sukan rayar da ƙwayoyin fatar mutum a ɗan faranti har su zama fata sosai, su shafa sinadarin a kanta. Don gwajin ido sukan karɓo idanun shanun da aka riga aka yanka a mahauta. Kwamfuta ma takan kwatanta sabon sinadari da waɗanda aka san halinsu. Ga kuma wata riba: fatar mutum ce aka gwada, ba ta zomo ba.

Tun 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da turare da sauran kayan shafa idan an gwada su a jikin dabbobi. Indiya ta bi sawu a 2014. Da sauran aiki dai, gama gane lahanin da ke ɓuya shekaru, ko wanda zai taɓa ɗan da ke ciki, ya fi gwajin fata wuya.

Allah ya danƙa mana lafiyar iyalinmu, ya kuma danƙa mana dabbobi. Abin godiya ne da muka ga ana iya kiyaye fatar jariri ba tare da an makantar da zomo ba.