Farautar Abin da Ido Bai Taɓa Gani Ba

Tun shekarar 1933 masanin taurari Fritz Zwicky ya lura cewa wasu rundunonin taurari suna gudu da saurin da ya kamata ya tarwatsa su, amma ba su tarwatse ba. Lalle akwai nauyin wani abu da ke riƙe da su. Binciken Vera Rubin a Amurka cikin shekarun 1970 ya ƙarfafa wannan zance. Masana na kiransa ɓoyayyen abu, domin ba ya ba da haske, kuma lissafi ya nuna ya ninka duk abin da muke gani kamar sau biyar. Har yau ba a san mene ne shi ba.

An daɗe ana zaton ƙwaya ce mai nauyi, wadda za ta fito in aka gwara ƙwayoyin zarra da ƙarfi, kamar yadda ake yi a na'urar CERN kusa da Janiba, mai kewayen kilomita 27. Ba ta fito ba. Saboda haka wasu suka koma ga ƙwaya marar nauyi ƙwarai, irin wadda aka raɗa wa suna aksiyon a 1978. Irin wannan ba ta zuwa ɗaya-ɗaya kamar tsakuwa, sai dai ta cika sarari tana kaɗawa kamar igiyar rediyo, kuma nauyinta ne ke yanke saurin kaɗawar.

To, yaya za a kama ta? A garin Jülich na Jamus, a 2019, masana suka yi dabara da na'urarsu mai suna COSY, wata zobe ce mai kewayen mita 184. Suka saki cibiyoyin zarrar haidirojin mai nauyi suna zagaya zoben da kusan rabin saurin haske. Kowace cibiya tana juyi kamar katantanwar yara, kuma tsinin da take juyi a kansa yana kewayawa a kwance sau 120,000 cikin sakan ɗaya. In kaɗawar aksiyon ta yi daidai da wannan kewayawa, sai tsinin ya ɗaga daga kwance, na'urorin awo su gani. Masu sauraronmu da suka saba murɗa akwatin rediyo a hankali suna laluben tasha a gajeren zango sun riga sun fahimci aikin, gama haka masanan suka yi ta sauya saurin ƙwayoyin kaɗan-kaɗan suna kasa kunne.

Sakamakon ya fito a 2023: ba su ji kome ba. Ni dai ban ɗauki wannan faɗuwa ba, tun da sun tabbatar dabarar tana aiki. Amma a sani, ɗan wurin da suka laluba, daga kaɗawa 120,000 zuwa kimanin 121,400, bai fi faɗin gashi ba a fuskar akwatin, kuma ƙwayar da ke zaune a nan, in akwai ta, sai an tara miliyan dubu sau miliyan kafin su kai nauyin ilektaron guda.