Fuskoki a cikin dutsen wuya na Silla

A 1973 masu tonon kayan tarihi suka ciro wani abin wuya daga wani kabari a Gyeongju, tsohuwar hedkwatar daular Silla a Koriya. Dutse guda a jikinsa ya ɗauke hankali: gilas ne shuɗi, faɗinsa bai kai santimita biyu ba, amma an cusa masa fuskokin mutane masu dara-daran idanu da fararen tsuntsaye. Masana na ganin daga ƙetare fatake suka kawo shi, wasu ma na cewa daga Java.

Shi dai wannan dutse ya yi sa'a, yana gida Koriya, ba kamar wasu kayan tarihin ƙasar ba. Zamanin mulkin mallakar Japan, 1910 zuwa 1945, ɓarayi sun yi ta fasa kaburbura, attajirai suna sayen kayan da aka sato. Kayan tarihin Koriya da ɗan kasuwa Ogura Takenosuke ya tara na gidan tarihin Tokyo har yau, 'yan Koriya na neman a maido.