Kafin Ka Miƙa Kalmar Sirri a Shagon Kwamfuta: Darasi Daga Keffi

Ma'aikatan tarayya da dama suna kwana a Keffi, su yi sammako zuwa Abuja ta Masaka da Mararaba, tafiyar kimanin kilomita 50. Idan buƙatar buga takarda ta taso musu a ƙarshen mako, shagunan kwamfuta da ke kewayen Jami'ar Jihar Nasarawa ne mafita. A nan ake cin karo da matsalar: bayanin asusun da banki ya turo ta imel a kulle yake, sai da kalmar sirri. Mai gaggawar neman rance ko biza sai ya karanta wa yaron shago kalmar, a buɗe, a buga, kwafin kuma ya kwana a kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Takardar PDF tana da makulli iri biyu. Na farko yana hana buɗe ta sam, domin yana hargitsa abin da ke ciki ta yadda ba ya karantuwa. Na biyu yana barin a karanta, amma yana hana bugawa ko kwafa ko gyara, kuma rauninsa sananne ne. Tsofaffin takardu masu makullin RC4 na bit 40 ana iya fasa su, amma na zamani masu AES-256, idan kalmar doguwa ce, sun fi ƙarfin mai zato. Kamfanin Microsoft ma ya bayyana cewa ba ya iya dawo da kalmar takardar Word da aka manta.

Wanda ya san kalmarsa ba ya buƙatar kowa. Zai buɗe takardar a Chrome, ya shigar da kalmar, ya zaɓi bugawa, sannan ya adana ta a matsayin sabuwar PDF, wadda za ta fito ba makulli. A Word kuwa, share kalmar ake yi daga gurbin da aka sa ta, a sake adanawa. Duk wannan a kan na'urar mutum yake ƙarewa.

Haɗarin yana ga shafukan intanet masu alkawarin cire makulli kyauta, domin sai an ɗora musu takardar kacokan, ta tafi rumbun da mai ita bai san inda yake ba. Idan takardar ofis ce, lamarin ya wuce asarar mutum ɗaya. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfuta ba da izini ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora alhakin bayanan jama'a a wuyan mai riƙe da su. Hadimin da ya buɗe wa maigidansa takarda ta irin wannan hanya, shi za a fara tuhuma.

Tun da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin barin aiki da takarda, fayil na kwamfuta ya gaji matsayin fayil na kabad. A da, jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki yakan miƙa makullan kabad tare da takardar miƙa aiki. Kalmomin sirrin takardun ofis ma a cikin wannan miƙawa ya kamata su shiga, domin magajin da aka bar wa fayil a kulle, shi ne gobe zai nufi shago da shi.