Bugun kai: yadda bisashe ke taimakon makiyayi bayan ya fito likita

Ƴan uwa makiyaya, yau ba zancen ciwon dabba za mu yi ba, zancen mai dabbar ne. Kowa ya san wanda raƙumi ya kayar, ko doki ya shura, ko ya faɗi da moto kan hanyar kasuwa ba kaski a kansa. Rauni na waje ya warke, amma mutum bai koma yadda yake ba. Ga mantuwa, ga saurin fushi, ga jiri da ciwon kai, tun hantsi ya gaji. A gida sai a ce iska ce. Ba iska ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ta bugu, kuma warkewarta tana ɗaukar watanni, wani ma shekaru.

Farko dai likita

In mutum ya bugu a kai ya suma, ko yana ta amai, ko barci na rinjayarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ya yi farfaɗiya, ko gefe guda na jiki ya mutu, ku kai shi CSI nan take. Su za su tura shi babbar likita inda ake hoton kai da sikane. Kar ku lanƙwasa masa wuya wajen ɗauka. Kar ku ɗura masa ruwa ko nono yana sume. Kar ku ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini. Tiramol kuwa yana iya tayar da farfaɗiya. Ku lura da tsofaffi: wani sai ya yi sati uku ko huɗu lafiya lau, sannan ya fara rikicewa, saboda jini na taruwa sannu cikin kai.

Mi dabba ke iya yi?

A birnin Basal na ƙasar Suwis akwai wata likita, REHAB Basel, da ke kula da masu raunin ƙwaƙwalwa. A harabarta ana kiwon awaki, tumaki, jakai, kaji da zomaye, don marasa lafiya su riƙa ba su abinci, suna shafa su, suna share musu wuri. A 2019 aka fitar da sakamakon bincike kan mutum 19 a can. An ga cewa in da dabba a wurin, sun fi yin magana, sun fi kula mutane, kuma ransu ya fi sakewa. Mutum 19 ba su da yawa, kuma dabba ba ta ɗinke ƙwaƙwalwa. Amma tana sa wanda ya yanke ƙauna ya tashi ya motsa, kuma motsi da maimaita aiki kullum su ne ke sake koya wa ƙwaƙwalwa.

To, abin da Turawa suka gina wa garka ta musamman, mu yana ɗaure a turke bayan ɗaki. Kuskuren da muke yi iri biyu ne. Wasu su tsare mutum a ɗaki, su hana shi komi, har ya ga kansa ba shi da amfani. Wasu kuma, saboda rashin hannu, su maida shi bin garke cikin sati guda. Duka biyun ɓarna ne, na biyun ya fi, don bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari.

Yadda za a bi

In lokotoro ya yarda, ku fara da ƙaramar dabba guda wadda ta san shi: tsohuwar akuya mai sanyin hali ko tunkiya. Da safe, cikin inuwa, kamar minti 10 zuwa 15, wani na kusa. Ya zuba mata dusa, ya ba ta harawa, ya shafa ta da hannun da ya yi rauni. Lokaci guda kullum, don mai mantuwa tsari yake so. In ciwon kai ko jiri ya taso, a tsaya, gobe a rage.

Bayan nan sai tatsa, wadda ke ƙarfafa yatsu. Sai ƙirga awaki da yamma da kiran shanu da sunayensu. Makiyayin da ya manta ranar kasuwa yana iya tuna saniya da uwarta da kakarta. Ku tambaye shi, ku bar shi ya nemo amsa, kar ku yi masa dariya. Daga baya ya ja jaki da ƙafa zuwa bakin gari, tare da yaro babba. Ku gwada wa mai kine abin da kuke yi, in akwai shi a likitarku, ya gyara muku.

Hawa shi ne na ƙarshe. Inda ake jinya da doki, mutum guda ke riƙe linzami, wasu na tafiya gefe, mahayi na sanye da kaski, doki kuma tafiya kawai yake. In ba ku da wannan, ku bari. Wanda ya taɓa farfaɗiya kuwa, ba shi ba raƙumi, ba shi ba bakin rijiya, ba shi ba kiwo shi kaɗai.

Namu aikin a nan shi ne dabbar. Ban da bijimi, ban da rago mai karo, ban da saniya mai sabon haihuwa. Ku kawo ta mushen dabbobi ya duba, a yi mata lamba, a tabbata ba ta da ƙazuwa ko tari. Nonon da zai sha a tafasa shi.

Kuɗin jinya kan cinye garke, mun sani. Duk da haka ku bar masa ko akuya guda da sunansa. In an riga an sayar duka, dangi su yi masa habbanaye: a ba shi aron jar akuya ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, uwar ta koma ga mai ita.