Abin Da Ke Hana Maganin Kumburi Aiki Ga Masu Ciwon Zuciya

Idan zuciyar mutum ta gaji, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa yakan taru masa a ƙafafu da ciki da huhu, har kwanciya ta gagare shi sai dai ya kwana a zaune. Maganin da likitoci suka fi ba irin wannan majiyyaci shi ne furosemide, watau Lasix, wanda kamfanin Hoechst na Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1960. Aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta zubar da gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin ya fita ta fitsari.

To, amma akan wayi gari maganin ya zama kamar ba a sha. Kumburi yana nan, numfashi yana ƙara wuya. Nan take 'yan uwa sukan ce ai an sayar musu da jabu. Sau da yawa kuwa laifin ba na ƙwayar ba ne.

Ƙarfin Lasix ba ya wuce kamar sa'a 6. Da zarar ya sake ta, sai ƙoda ta shiga riƙe duk gishirin da ya zo mata. Saboda haka wanda ya sha magani da safe, da dare kuma ya sha miyar da ta ji gishiri da dunƙule, ya mayar da abin da ya zubar. Kanwa ma haka take. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana binciken da suka yi a Zariya a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza wajen lokacin haihuwa, suka kuwa ɗora wani ɓangare na laifin a kan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta lokacin jego.

Akwai kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, alhali kuwa suna sa ƙoda ta riƙe gishiri. Bugu da ƙari, hanjin majiyyaci shi ma yakan kumbura, ya yi jinkirin tsotse ƙwayar.

A asibiti akan koma ga allura ta jijiya. In ta ƙi, sai a haɗa da wani magani kamar metolazone, wanda ke tare gishirin a wani sashe na ƙoda. Wannan haɗi yana da kaifi, yana iya ƙwashe sinadarin fotashiyam ya rikita bugun zuciya, don haka ba a yinsa sai ana auna jini. Shi ya sa likitoci ke hana majiyyaci ninka ƙwaya da kansa. Abin da suke so shi ne ya riƙa hawa sikeli kowace safiya. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, sai a garzaya da shi asibiti.