Kwana Nawa, Awa Nawa, Mutum Nawa?

Da wuya fasto ya gama hidimarsa bai shugabanci kwamitin gini ko na babban taro ba. Wasu kwamitoci yanzu suna tsara aikinsu da manhajar kwamfuta irin Microsoft Project. Kafin mu tsaya gaban jama'a mu faɗi ranar gama aiki, ya kamata mu san yadda manhajar take fitar da ranar.

Abubuwa uku da ke ɗaure da juna

Kowane aiki a cikin manhajar yana da ma'auni uku. Na farko tsawon lokaci, wato kwanakin aiki daga farawa zuwa gamawa. Na biyu yawan aiki, wato jimlar awoyin da za a yi ana aikin. Na uku ƙarfin ma'aikata: mutum nawa ne, kuma kashi nawa na yininsu za su bayar. Idan ba mu canza ba, manhajar tana ɗaukar yinin aiki awa 8 ne, daga Litinin zuwa Juma'a.

A ce fentin ɗakin sujada zai ci awa 80. Masu fenti biyu da ke yini cur za su gama a kwana 5, huɗu kuma a kwana biyu da rabi. Duk wanda muka taɓa cikin ukun, sai wani ya motsa.

Wanne za a riƙe?

Saboda haka manhajar ta ba mu zaɓin wanda za ta riƙe. Buga bulo da fenti ayyuka ne da awoyinsu muke riƙewa: ƙara hannu yana rage kwana. Ban ruwan kankare kuwa kwanakinsa muke riƙewa. An saba ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Ko mun tara matasa hamsin, ba zai yi ƙarfi gobe ba. In muka bar manhajar ta rage waɗannan kwanaki, za a cire katakon tallafi da wuri, a sa rayuka cikin haɗari.

Masu aikin sa kai

A nan aka fi yin tuntuɓe. Ɗan'uwan da ke zuwa awa 2 da yamma bayan ya tashi daga kasuwa, kashi 25 cikin 100 na yini yake bayarwa. Mutum biyu irinsa za su ɗauki kwana 20 a kan fentin nan, ba 5 ba. In muka shigar da su kamar masu cikakken yini, takarda za ta yi kyau, amma damina za ta same mu ba a gama ba, mu kuma mu koma muna zargin mutanen da suka ba da iya ƙoƙarinsu.

Mu duba kuma jar alamar da manhajar ke sawa idan an ɗora wa mutum aikin da ya fi awoyinsa. Sau da yawa dattijo ɗaya ne aka sa a kwamiti uku.

Domin tattaunawa

Ku zaɓi aiki ɗaya da ke gaban ikkilisiyarku, ku rarraba shi. Waɗanne sassa ne ƙarin hannu zai gaggauta, waɗanne ne sai an jira?