Da Wane Awo Ake Auna Malami? Darasi Daga Wurno

Malamin jami'a da ke neman ƙarin girma a yau ya san tambayoyin da ke jiran sa: maƙala nawa ya wallafa, a wace mujalla, su wa suka yi aikin tare da shi, kuma sau nawa wasu masu bincike suka ambace shi a rubutunsu. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya buɗe wannan ƙofa da kundin ambato na kimiyya da ya fitar a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya zo da ma'aunin da ake kira h. Lissafin mai sauƙi ne: wanda yake da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, to ma'auninsa 10 ne. Google Scholar da Scopus suna fitar da lambar cikin ƙiftawar ido.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ribaɗi a Wurno, ya rasu a can a 1837, kuma hubbarensa yana nan har yau, ya taso ne a gidan da ba a karɓar magana sai da madogara. Malami zai faɗi littafin da ya ciro hujja, da wanda ya karantar da shi, da wanda ya ba shi ijaza. Baffansa Abdullahi na Gwandu littafi guda ya keɓe, Ida'un Nusukhi, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Ta hannun Malam Jibrilu ɗan Umaru, silsilar Shehu Usmanu, mahaifin Bello, ta kai har ga Murtala Az-Zabidi a Alƙahira.

To ina bambancin? Kwamfuta tana ƙirga baki ne kawai. Isnadi kuwa, wato silsilar malamai, yana tambayar wane ne ya ambace ka, amintacce ne ko a'a, kuma don me. A cikin Infaƙul Maisuri na 1812, Bello ya kawo wasiƙun Shehu Al-Kanemi na Barno, ba don ya yarda da su ba, sai don ya mayar da martani. A ƙidayar zamani, wanda aka ambata don a yi masa raddi da wanda aka ambata don a dogara da shi, maki ɗaya suke samu.

Batun haɗin gwiwa ma haka. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha da Larabci, yana kawo labarin salihan mata, 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa. Jagororin ƙungiyarta ta 'Yan Taru, waɗanda ake kira jaji, suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka, ga matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Kowa ya san abin da ya sa a aikin. Yanzu kuwa akwai maƙalar kimiyya ta 2015 mai ɗauke da sunayen marubuta fiye da 5,000, kuma a ofisoshinmu ba a rasa masu "sa sunana, in sa naka". Wannan ba haɗin gwiwa ba ne, adashi ne.

Akwai kuma abin da ma'aunin ba ya gani sam. Rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a gidajen malamai ba sa cikin manyan rumbunan ƙidaya. Mai bincike da ya gano wa manoman shinkafa da albasa na fadamar Wurno, ko masu ban ruwa daga madatsar Goronyo, maganin wata cuta, ya buga a mujallar gida, da wuya a ambace shi a Ingila. Amma manomi ya ga bambanci a buhunsa.

Ban ce a yar da lamba ba. Tana tona asirin wanda ya shekara 20 bai rubuta komai ba. Sai dai masana da editoci da kansu sun yi sanarwa a San Faransisko a 2012 cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga aikinsa. Kwamitocin ƙarin girma na jami'o'inmu, har da ta Usmanu Danfodiyo, su duba lambar, sannan su zauna su karanta aikin, su tambayi wa ya amfana da shi.